Wufar Injiniya da Kindirmon Inna Shatu

A Kazaure in ka ce Jalaluddeen sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Injiniya, kowane mai a-daidaita-sahu zai kai ka har ƙofar gidan hayar da yake. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Sati uku ya yi a Kano wurin wani mai gyaran rediyo, a na ukun ya haɗa jar waya da baƙa, maigidan ya raka shi har tasha da kansa don ya tabbatar ya hau mota. Da ya dawo ya kafa kes, wato 'yar rumfar cajin waya, ya sa aka rubuta masa Injiniya da jan fenti. Mutane suka ga kiran ba zai rage su da komai ba, suka bi shi a haka.

Gidan na Alhaji Dunoma ne, wani dattijo Babarbare mai fataucin hatsi, wanda ba ya maimaita magana. Ɗakuna biyar ne a jere, bango manne da bango, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe su. Ga wuta, ga famfo a tsakar gida wanda ba ya ƙafewa ko da bazara. Saboda famfon nan Sadiyya, matar Injiniya, take cewa ita da gidan nan mutu-ka-raba. A ƙauye ta tashi, inda ake sammakon rijiya, ta san abin da tulu yake yi wa wuya.

Ana zaune lafiya sai ga Injiniya ya shigo da hom-tiyata, wadda wani ɗan kasuwa ya ƙetaro da ita ta Babura. Ƙananan sifiku biyar ne, sai wani baƙin akwati da ake kira wufa. Ita ce mai fitar da bas, wannan gurnanin da ba kunne ne ke jin sa ba, ƙirji ne da hanji. Kullum in ya rufe kes bayan la'asar sai ya dawo ya sa fim ɗin yaƙi, ya murɗe ta har ƙarshe, ya miƙe ƙafa. Cokula su yi ta rawa a kwando, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera ta.

To, bango ɗaya suke da Inna Shatu, wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da kindirmo. Kowace rana ƙannenta suna aiko mata da madara a babur daga rugarsu ta wajen Gwiwa. Ta dafa, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan nonon jiya, ta rufe ƙoren da faifai, ta jera su a gindin bango. Shi kuwa nono sarkin son jiki ne, in kana so ya yi barci ya kama jikinsa, ba ka taɓa shi, ba ka girgiza shi. Daidai lokacin da Inna take kwantar da madararta, daidai lokacin Injiniya yake fara yaƙinsa.

Ranar wata Asabar da hantsi ta tare shi a bakin famfo da ƙwarya a hannu, Alhaji Dunoma yana tsaye ya zo duba gida.

"Ɗan nan, dubi wannan," in ji ta. Ta karkata ƙwaryar, abin ciki ya zubo tsululu.

Injiniya ya leƙa, ya shinshina, ya taɓe baki. "Matsalar shanun ce, Inna. Ba sa samun sinadari a ciyawa."

"Shekara talatin ina kwantar da madara, ba ta taɓa tsinke mini ba sai da ka kawo aljanin nan naka. Jiya a kasuwa wata ta ce mini ko ruwan wanke ƙwarya nake sayarwa. Ni Shatu!"

Alhaji Dunoma ya dubi ƙwarya, ya dubi Injiniya, ya gyara hularsa.

"Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan zauna a ɗakin Shatu da ƙwaryar ruwa a gabana. Ka kunna abinka yadda ka saba. In ruwan ya motsa, ka nemi wani gida."

"Ranka ya daɗe, ai Juma'a ta yi nisa," in ji Injiniya yana dariya. "Wannan aikin yini ɗaya ne a wurin wanda ya san sauti."

Alhaji kuwa ya riga ya kai zaure.

Suna shiga ɗaki Sadiyya ta sha gabansa.

"Injiniya, don girman Allah ka rage ta kawai. Ga abin murɗawa nan, ko ni na iya."

"Shi ya sa ba a kiran ki injiniya. Kin taɓa ganin wanda ya sayi rago don ya ramar da shi? Rage murya kowane jahili ya iya. Gwani shi ne wanda zai bar ƙara yadda Allah Ya yi ta, ya hana ta fita."

"In aka kore mu fa?"

"Kore mu? Alhaji da kansa zai roƙe ni in yi wa sauran gidajensa."

Ran Lahadi ya bi masu shayin tasha ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe kiret ɗin ƙwai na kwali har sai da aka cika a-daidaita-sahu. Ya ce a Turai da shi ake lulluɓe ɗakin waƙa. Ya dama sitacin rogo a tukunyar tuwon Sadiyya, ya bi bango yana mannawa tun daga ƙasa har sama. Kafin azahar ɗakin ya ɗauki ƙarnin ƙwai, wanda ya shiga sai ya toshe hanci.

Malam Yakubu na ɗaki na uku, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma noma, ya leƙo ta ƙofa.

"Injiniya, kiwon kaji za a fara?"

"Ilmi ne, Malam. Sauti in ya taho a guje sai ya faɗa ramukan nan, ya rasa hanyar fita."

"Rami nawa ne?"

"Talatin a kowane kiret."

"To, Allah Ya sa ya faɗa," in ji Malam Yakubu, ya ja silifas ɗinsa ya yi gaba.

Bai faɗa ba. Washegari Inna Shatu ta zo ta tsaya a bakin ƙofarsa, ta karkata masa ƙwarya ya gani, ta juya. Ba ita kaɗai ta kawo ziyara ba. Duk wani kyankyaso da ke unguwar ya samu labarin an yi walimar sitaci, suka zo da 'ya'ya da jikoki, suka kama haya a ramukan da aka tanadar wa sauti. Sadiyya ta fito da gudu tana kakkaɓe zane, ta bar ƙofa a buɗe, akuyar Inna Shatu ta samu hanya. Kafin a farga ta cinye kwalin bango daga ƙasa har inda wuyanta ya kai.

Injiniya ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon ɓarna.

"Kun gani ko? Akuyar nan ce ta buɗe wa bas hanya."

"Da safe ta shiga," in ji Sadiyya. "Nonon tun jiya ya tsinke."

"Ke dai ba ki san sauti ba."

Ran Talata ya gangaro da wani tsohon duron ƙarfe daga kasuwa, yana tafe yana ba masu kallo labari. Ya huda gefe ya zura waya, ya saka wufa a ciki, ya mayar da murfi ya ɗaure tam. Malam Yakubu na zaune a inuwa yana gyaran ƙotar sungumi, sai Injiniya ya kira shi shaida.

"Malam, abin da aka kulle a cikin ƙarfe, ta ina zai fita?"

"Ban sani ba. Ni lissafi na koyar."

Lokacin kuwa ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, kowa idonsa na sama yana jiran ruwan fari. Bayan la'asar Injiniya ya sa fim, aka harba igwar farko. Kai jama'a! Duron nan ya karɓi gurnanin ya ninka shi, ya sake ninkawa, ya sako shi da wani rugugi mai tsawo wanda ya bi ta ƙarƙashin gidaje har layi na uku. Mata suka yi ta fito da bokitai suna jerawa a bakin indararo, ana kwashe shanya, ana kiran kaji. Wata tsohuwa a maƙwabta ta rangaɗa guɗa. Malam Yakubu, wanda bara aka riga shi shuka har yau bai huce ba, ya suri sungumi da ƙullin irin gero, ya haye keke ya miƙe hanyar Gwiwa inda gonarsa take, ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Sama kuwa tas take, ko gajimare na magani babu.

Rana na gab da faɗuwa ya dawo yana tura keken, gumi ya jiƙe masa riga. Ya jingine shi, ya zauna a bakin famfo ya sha ruwa, sannan ya dubi Injiniya.

"Na shekara sittin ina jin tsawa, ban taɓa jin wadda take da adireshi ba sai yau. Ina wuce tasha ta fara raguwa, ina fita gari ta ɗauke."

"Wannan ai nasara ce, Malam. Ka ga ba ta kai Gwiwa ba."

"Haka ne. Mutanen Gwiwa sun gode."

Da safe Inna Shatu ta fito, ranta a ɓace ƙwarai.

"Wannan gyaran gangar auzinawa ya ishe ni! Ƙwaryar da na ajiye a gindin bango, a bakin ƙofa na tsince ta. Da ƙafarta ta taka!"

Wani da ya ji wannan sai kunya ta kama shi. Injiniya kuwa tsalle ya yi ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Inna, kin ba ni amsa. In ƙwarya ta yi tafiya, ta ƙasa yake bi. Ba ta iska ba, ta ƙasa! Abin da bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa bango ba, ta ina zai same ki?"

"Ni dai nonona," in ji Inna.

Ran Alhamis ya ari tsani, ya ɓalle silin ɗaya a tsakiyar ɗakinsu, ya zura kai cikin rufi. Ya samu wani dogon katako mai kauri, ya ƙwanƙwasa shi ya ji lafiyayye ne. Bai tsaya ya ga daga ina ya taso, ina ya nufa ba. Ya kwance igiyar shanyar Sadiyya, ya naɗe wufa da ita kamar kayan da za a ɗora wa jaki, ya ja ta sama ya ɗaure. Akwatin ya tsaya yana lilo a tsakiyar ɗaki, daidai saman kabet ɗin da Sadiyya ta jera kwanukan aurenta.

"Ka gwada mana tun yau," in ji Sadiyya, hawaye ya cika mata ido. "Wallahi tsoro nake ji. In ba ta yi ba, sai ka je ka ba Alhaji haƙuri tun da sauran mutunci."

"Gwaji na mai shakka ne."

"Injiniya, ba ni da inda ya fi nan."

"Gobe war haka kina matar mutumin da ake nunawa da yatsa."

Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ran Juma'a ana saukowa daga masallaci gida ya cika. Labari ya riga ya zaga, don Injiniya da bakinsa ya gayyaci masu shayi, da masu kawo caji, da duk wanda ya fitar da bokiti ran Talata. Alhaji Dunoma ya iso cikin farar babbar riga ta shadda, sabuwa dal, tana ɗaukar ido. Ya shiga ɗakin Inna Shatu, aka shimfiɗa masa darduma, aka ajiye ƙwaryar ruwa a gabansa. Ya jira ruwan ya natsu, ya ce a fara.

Injiniya bai fara ba sai da ya yi jawabi. Ya tsaya a bakin ƙofarsa da rimot a hannu, ya ɗaga labule don kowa ya ga wufa tana reto.

"Jama'a, ku buɗe ido. Wannan dabarar ko a Kano ba a san ta ba. Duk wanda yake so a yi masa, ya same ni a kes, amma a bi layi."

Ya danna, ya murɗe har ƙarshe. Fim ya buɗe da wasu sojoji biyu suna hira a cikin tanti, ƙasa-ƙasa. Minti ɗaya, minti biyu.

"Ranka ya daɗe, ya ruwa?" Injiniya ya ɗaga murya.

"Yana nan," in ji Alhaji daga ciki.

Injiniya ya juyo ya dubi taro ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye idonsa a kan Sadiyya, ya ɗaga mata gira. Har ita sai da ta fara sakin ajiyar zuciya.

Sai jirgin yaƙi ya iso.

Ashe katakon nan da ya ɗaure wufa a jiki shi ne ya ratsa ɗakuna biyar ɗin nan daga farko har ƙarshe, kuma a kansa aka kafe kwanon gidan gaba ɗaya. Gurnani ya hau igiya, ya shiga katako, ya bazu a kwano. Rufin Alhaji Dunoma ya zama sifika guda ɗaya mai ɗaki biyar. Ƙusoshi suka fara tsalle, tantabarun maƙwabta suka watse, masu shayi suka yi zaure suna ture juna. Jemagun da suka shekara ashirin a cikin rufin ba wanda ya san da su suka fito da rana tsaka, baƙi ƙirin, suna karo da kawunan mutane.

"Kashe! Kashe!" Malam Yakubu yana ihu.

Injiniya ya kai wa rimot hannu a gaggauce, ya danna wurin da ba shi ba, fim ya tsallaka inda ake ruwan bama-bamai. Aka ji rugum a ɗakin Inna Shatu. Aka ji ƙas, igiyar shanya ta tsinke, wufa ta sauko da nauyinta a kan kabet, kwanukan Sadiyya suka tarwatse, wani murfi ya gangaro har tsakar gida yana juyi, ya kwanta. Waya ta fizge daga bango. Gida ya yi tsit.

Can sai labulen Inna Shatu ya motsa. Alhaji Dunoma ya fito a hankali. Silin ɗakin ne ya sauko masa da duk abin da jemagu suka tara a kai. Daga hula har kafaɗa ba ka ganin fari, sai idanu biyu. Ya tsaya a tsakar gida yana zubar da gari, ba wanda ya yi ko tari.

Injiniya ya matso, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, sannu. Amma dai a yi adalci. Ruwan ya motsa?"

Alhaji ya share garin da ke fuskarsa.

"Ban sani ba. Ƙwaryar tana ƙarƙashin silin."

"To ka ga ke nan ba a tabbatar ba."

"Gobe ka bar mini gidana," in ji Alhaji. Ya juya wajen Sadiyya, wadda ta durƙusa tana tsintar murafai tana kuka mara sauti, ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri, 'yata. Ba ke ba ce." Ya fita da jemage ɗaya maƙale a bayan rigarsa, ba wanda ya samu ƙarfin halin gaya masa.

Inna Shatu ma, da duk fushinta, da ta ga Sadiyya a durƙushe sai tausayi ya kama ta. Ta zo ta taya ta tsintar kwanukan, tana cewa garin gyaran gira an rasa ido.

Neman ɗaki ya gagara, don duk mai gidan haya a Kazaure ko ya halarci taron ko an ba shi labari. Ƙarshe wani kawun Injiniya ya ba su aron ɗakin da yake ajiye ƙaiƙayi, can bayan gari a hanyar Roni, tsakanin duwatsu. Ba maƙwabci ko ɗaya, ba falwayar wutar lantarki ko ɗaya. Rijiya kuwa sai ka zaga bayan dutse.

Bayan sati biyu Malam Yakubu ya biya ta wurin a keke don ya ga yadda suka kwana. Ya tarar da Injiniya zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, sifiku biyar jere a gabansa, an goge su tas, rimot a cinya.

"Malam! Zo ka zauna. Kasa kunne. Me ka ji?"

Malam Yakubu ya kasa kunne. "Kurciya."

"Bas fa?"

"Babu."

"To! Na ce zan hana shi damun maƙwabta ko ban ce ba? Nuna mini maƙwabci ɗaya da ya kawo ƙara. In ka koma ka gaya wa mutanen gari, wannan shi ne mataki na ƙarshe, da ma can nan lissafina ya nufa."

Yana cikin bayani Sadiyya ta ɓullo daga bayan dutse da tulu a ka, zanenta ya jiƙe, wuyanta ya sanƙare. Ta sauke, ta gaida Malam Yakubu cikin ladabi. Ta shiga ɗaki ta jawo wufa, ta ajiye ta a gaban murhu, ta zauna a kai ta huta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko jarkoki biyu, ta dire su a gaban mijinta.

"Injiniya, tunda ka gama da sauti, ga ruwa. Sawu uku ya rage."

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi jarkoki, ya dubi wuyan Sadiyya inda gammo ya zame tulu ya goge mata fata. Malam Yakubu ya gyara zama yana jiran jawabi, don tun da ya san mutumin nan bai taɓa ganin an ba shi abu bai yi masa sharhi ba.

Injiniya ya ajiye rimot a kan tabarma, ya ɗauki jarkokin, ya nufi bayan dutse bai ce komai ba.